Kwana arba'in da tara, da tafiyarmu Dutsen Osore

Mai gidan da nake haya ya rasu da asubahin Laraba, 6 ga Maris 2019, a wani asibiti a Hirosaki. Shekarata biyu ke nan a ɗakin saman gidansa, ina karatun kimiyyar ƙasar noma. Garin yana can ƙuryar arewacin babban tsibirin Japan, a lardin Aomori da ya yi suna wajen noman tuffa, shi ma tsohon, tuffar ya noma har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa, wadda nake kira Okasan, wato Inna, ita ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Idonta a bushe. Ta ce in sauko in taya ta kwashe dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa, don za a kawo shi gida.

'Yarsu ɗaya ce, tana aure a Yokohama, sai dare ta iso. Sauran dangin duk tsofaffi ne masu dogara sanda. Haka na zama ɗan aike, mai ɗaukar kaya, mai tarbar baƙi, kuma ta nan na ga abin da ɗalibi baƙo ba ya cika gani.

Aka shimfiɗe shi a falo, kansa na kallon arewa, don an ce haka Buddha ya kwanta ranar da ya bar duniya. Kowane ɗan'uwa ya tsoma auduga a ruwa ya jiƙa masa leɓe. Aka sa masa fararen kaya irin na matafiyi, aka haɗa masa da wata takarda mai hoton kwabbai shida, kuɗin fito ke nan a kogin Sanzu da suka ce mamaci zai haye. Da can kwabban gaske ake sawa, amma yanzu masu ƙona gawa ba sa son ƙarfe a cikin akwati. Ni da na taso inda mutum zai rasu da safe a kai shi makwancinsa kafin azahar, ganin gawa ta kwana, ta sake kwana a tsakar gida ana kawo mata shayi, ya hana ni barci.

Tun daren farko na samu Okasan a madafa na faɗa mata iyakata. Na ce zan yi duk aikin da ta sa ni, zan tsaya tare da su, amma ba zan zuba turaren wuta gaban gunki ba, ba kuma zan haɗa tafin hannu in rusuna masa ba. Abin da ya ba ni ƙarfin tsayawar shi ne hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka wuce da gawar wani Bayahude Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya ce ai rai ne. Ba ta nemi dogon bayani ba. Ta ce ai shi ma marigayin bai taɓa zuba turare da son ransa ba, in je in zauna wajen karɓar ambulan.

Ambulan ɗin gudummawar makoki ce, sunanta koden. Fara ce, an ɗaure ta da zare baƙi da fari, kuma ba a sa sabon kuɗi a ciki, don kada ya zama kamar dama ka shirya wa mutuwar mutum. A saman kowace an rubuta kalma guda, goreizen, ma'ana a gaban ruhun mamaci. Na rubuta sunaye da adadi a littafi, domin daga baya za a mayar wa kowa kyautar da ta kai kusan rabin abin da ya kawo. Ban san wannan kalma ta saman ambulan za ta dawo ta dame ni ba.

A yawancin Japan sai an gama bikin jana'iza ake ƙona gawa, amma a wannan yanki na arewa ƙonawar ake fara yi. Kusan kowa a ƙasar ƙona shi ake yi, fiye da 99 cikin 100. Muka zauna a wani ɗaki mai tsabta kamar ɗakin jira a banki, ana shan shayi ana cin biskit, wajen awa ɗaya da rabi. Sannan aka kira mu. Aka turo wani faffaɗan tire mai zafi, ga ƙasusuwan mutumin da shekaranjiya kawai nake gaisarwa, farare fat, a jere yadda ya kwanta. Mutum biyu-biyu ke matsowa, kowa da dogayen tsinkayen cin abinci, su kama ƙashi ɗaya tare su sa a mazubi. Daga ƙafa ake farawa a ƙare da kai, don kada ya zauna a kife. Ma'aikacin wurin ya ware wani ɗan ƙashin wuya ya nuna mana, ya ce ku dubi yadda ya yi kama da Buddha a zaune. A ranar na gane dalilin da Okasan ta taɓa buge mini hannu lokacin da na miƙa mata nama daga tsinkena zuwa nata: a nan kaɗai ake yin haka. Da aka miƙo mini tsinkayen na girgiza kai. Na koma jikin bango ina ta maimaita Innalillahi a zuci, ƙafafuna na rawa. Amma akwatin da aka naɗe da farin ƙyalle, ni na riƙe mata shi a mota, ɗuminsa na ratsa cinyata har gida.

Limamin haikalinsu, na ɗariƙar Soto Zen wadda Dogen ya kawo Japan a ƙarni na 13, ya raɗa wa mamacin sabon suna. Wannan suna, kaimyo, alama ce ta cewa ya zama almajirin Buddha, kuma ba kyauta ake bayarwa ba. Na ga fuskar 'yar lokacin da take ƙirga abin da za a sa wa liman a ambulan. Aka rubuta sunan a wani ɗan allo na farin katako, aka ajiye kusa da ƙasusuwan da hotonsa a kan wani ɗan teburi a falo. Daga nan lissafi ya fara.

Kwana bakwai sau bakwai. A fahimtarsu, wanda ya mutu bai tafi ba bai kuma zauna ba, yana tsakani har kwana 49. Duk bayan kwana bakwai yana gurfana gaban wani alƙali, a rana ta 35 ya isa gaban babbansu, Enma, mai madubin da ke nuna wa mutum duk abin da ya aikata. A rana ta 49 ake yanke inda za a sake haifarsa, cikin gidaje shida: na alloli, na mutane, na mayaƙan da ba sa gajiya da faɗa, na dabbobi, na fatalwoyi masu yunwa, ko na azaba. Babu na dindindin a cikinsu, har gidan allolin, in ladan ya ƙare a sake mutuwa a sake zagayowa. Aikin iyali a waɗannan makonni shi ne su yi karatu da sadaka su tura masa ladan, kamar masu kai wa ɗan'uwansu shaida kotu.

Kowace safiya ina jin ƙarar 'yar ƙararrawa daga ƙasa. Okasan za ta ɗibi farkon shinkafar da ta dafa ta ajiye masa, ta kunna turare, ta ba shi labarin gida: dusar ta fara narkewa, maƙwabci ya zo ya datse rassan tuffa, farashin kananzir ya tashi. Na tuna sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in da aka yi wa mahaifina, da irin gardamar da malamai ke yi a kansu. Kamannin ya ba ni mamaki, amma tushen daban ne. Mu a wurinmu wanda ya tafi ba ya dawowa. Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, ta faɗi wanda zai roƙa a mayar da shi duniya a ce masa a'a, akwai shamaki a bayansu har ranar tashi.

A mako na biyar liman ya zo gida ya yi karatu. Bayan an kawo shayi na yi masa tambayar da ke cina. Na ce na karanta cewa addininku ya ce babu wani rai tabbatacce a cikin mutum, to in haka ne, wane ne ake sake haifa? Ya ajiye kofi, ya ce in an kunna fitila daga wata fitila, wutar ta biyu ita ce ta farko ko wata ce? Wannan misali tsoho ne, daga muhawarar wani sarki Milinda da malami Nagasena. Abin da ke wucewa, in ji shi, sakamakon aiki ne da ƙishirwar rayuwa, ba wani mutum ne ke cire riga ya sa wata ba. Na ce to, na ji. Amma in an sake haifar tsohon nan bayan kwana 49, wa Okasan za ta ci gaba da ajiye wa shinkafa? Wa kuma zai dawo gida a watan Agusta, lokacin bikin Obon da kuke cewa matattu na ziyartar iyalansu?

Ya yi dariya har haƙoransa na gwal suka fito. Ya ce an taɓa tsare Buddha da irin waɗannan tambayoyi, sai ya ba da misalin mutumin da aka harba da kibiya mai dafi, ya ce ba za a cire masa ba sai ya san sunan maharbin da irin itacen bakan. A lokacin na ɗauka zillewa ya yi, kuma har yau ina ganin akwai zillewa a ciki. Gaskiyar ita ce addinin da ya taso daga Indiya ya bi ta China da Koriya ya iso Japan a ƙarni na 6, ya tarar da mutane masu girmama kakanni, sai biyun suka zauna a gida ɗaya ba tare da an daidaita lissafinsu ba. Alƙalan nan ma a China aka ƙara su. Mabiya Theravada na Sri Lanka da Thailand, a karantarwar malamansu, ba su yarda da wani zaman tsakani ba, sun ce ana mutuwa ake sake ɗaukar rai. A Japan ɗin ma ɗariƙar Jodo Shinshu ta ce mai imani yana isa Tsarkakakkiyar Ƙasa, wato aljannarsu, nan take, babu kotu babu jira.

Na kai wannan magana ɗakin bincikenmu, inda nake da abokiyar karatu 'yar Brazil, jikar Japanawan da suka yi ƙaura can. Ta ce ai su a gidansu wannan ba matsala ba ce. Iyayenta mabiya Allan Kardec ne, Bafaranshen da ya fitar da littafinsa kan ruhohi a 1857, wanda koyarwarsa ta fi samun gindin zama a Brazil fiye da ƙasarsa. Su sun ce rai tabbatacce ne, yana dawowa duniya sau da yawa don ya gyaru, kamar ɗalibi mai hawa aji, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa yana iya daɗewa yana yawo, a nan ne ake samunsa a yi magana da shi ta bakin wani ko ta alƙalaminsa. Ta ba ni labarin Chico Xavier, wanda ya rasu a 2002, da yadda iyaye mata ke yin layi don ya rubuto musu wasiƙa daga 'ya'yansu da suka mutu. Ta ƙara da cewa 'yan'uwansu na Amurka da Ingila, waɗanda harkarsu ta faro daga 'yan matan gidan Fox a jihar New York a 1848, da yawansu sun yarda da magana da matattu amma sun ƙi sake haihuwa. Wato kowa ya ga inda igiyar ke sarƙewa, kowa da inda ya yanke ta.

Rana ta 49 ta faɗo Talata, 23 ga Afrilu, sai aka yi taron ranar Lahadin da ta gabace ta. Ana iya gaggautawa amma ba a jinkirtawa, kada a bar mamaci yana jira. Furannin sakura sun fara buɗewa a lambun tsohuwar fadar Hirosaki. Aka karɓe farin allon aka kawo baƙi mai sheƙi da rubutun ruwan gwal, aka sa shi a ɗan kabad ɗin ibada na gida, aka kai ƙasusuwan kabarin iyali. Liman ya ce daga yau duk ambulan da za a kawo, rubutun samanta ya canza, ya koma gobutsuzen, a gaban Buddha. A jiya ruhu ne mai yawo, yau ya zama hotoke, kalmar da suke kiran Buddha da ita suke kuma kiran mamaci. Aka ci abinci, aka watse, 'yar ta koma Yokohama.

A takarda an gama. Amma ƙararrawar safe ba ta daina ba, kuma hirar da nake jiyowa ta ƙara tsawo. Cikin azumi, da nake saukowa sahur, sau da yawa nakan tarar da ita zaune a duhu gaban kabad ɗin. Wata rana ta faɗa mini abin da ke ranta. A daren da zai rasu ya ce mata ƙafafunsa na sanyi, ta koma gida ta ɗauko masa safar ulu. Ta ce masa ya cika fitina, gobe ma rana ce. Ta tafi gida ta kwanta. Kafin gari ya waye aka buga waya.

A farkon Yuli ta ce tana so in raka ta Dutse. A wannan yanki in aka ce Dutse ba a ƙara komai ba, Osore ake nufi, kuma mutanen yankin Shimokita, inda dutsen yake, suna da magana cewa in mutum ya mutu Dutse yake tafiya. Ana babban biki a can daga 20 zuwa 24 ga Yuli, lokacin da itako ke zuwa, matan da aka ce matattu na magana ta bakinsu. Na yi shiru. Na san hadisin Muslim kan wanda ya je wa boka ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Amma ga tsohuwa mai shekara kusan tamanin, da ciwon gwiwa, da canjin jirgi har sau biyu. Na ce zan kai ta in dawo da ita, ba zan tambayi komai ba, ba zan shiga rumfa ba.

Muka tashi Asabar, daga Hirosaki zuwa Aomori, zuwa Noheji, sannan ƙaramin jirgin da ke bin gaɓar teku har tashar Shimokita. Muka kwana a garin Mutsu, da asuba muka ɗauki tasi. Tun kafin mu iso warin ya tarbe mu, warin farar wuta, kamar an fasa baragurbi dubu. Wurin bakin tsohon dutse ne mai aman wuta. Akwai tafki a tsakiya, Usori, ruwansa shuɗi garau amma mai tsami, ga wani ɗan rafi da jar gada da suka raɗa wa suna Sanzu, kogin da aka ba tsohon kuɗin fitonsa. An ce malami Ennin ne ya kafa haikalin a 862, bayan dawowarsa daga China. Bayan ginin ƙasa ce fara-fara, babu ciyawa, tururi na fita daga ramuka, hankaki na kuka. Ko'ina tarin duwatsu ne da 'yan fankokin wasan yara masu launi suna juyawa a iska. Okasan ta ce yaran da suka riga iyayensu mutuwa ne ke tara duwatsu a bakin kogi, aljanu na rushewa, har Jizo, wanda suka ɗauka mai kare yara, ya zo ya ɓoye su cikin rigarsa. Iyaye ke ƙara musu dutse don a rage musu aiki. Na ga fakitin alewa, na ga ɗan takalmi ƙafa ɗaya.

Abin da na lura da shi shi ne haikalin bai ɗauki itako a matsayin nasa ba. Limamai na ciki suna karatunsu, matan kuma suna cikin 'yan rumfunansu a gefe kusa da ƙofa, ba a kore su ba, ba a kuma rungume su ba. A da makafi ne, 'yan matan da suka rasa ido tun suna ƙanana ake kai su wajen wata babba su yi shekaru suna haddace waƙoƙin kira, sana'a ce da za ta ciyar da su. Yanzu sun kusa ƙarewa. Waɗanda muka tarar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, layi kuwa ya yi tsawo tun ƙarfe shida.

Awa biyar muka yi. Rumfar a buɗe take, don haka ko ban shiga ba ina jin komai daga inda nake tsaye da jakarta. Matar ta tambayi ranar rasuwa da dangantaka. Ta ɗauko wani dogon carbi baƙi da aka rataya wa haƙora da faratan namun daji da tsofaffin kwabbai, ta riƙa murza shi yana ƙara, tana rera waƙa da murya ƙasa-ƙasa. Na zaci zan ga irin hawan bori, faɗuwa da birgima da canjin murya. Babu ko ɗaya. Kuma 'yan bori iskoki suke cewa sun hau su, ba kakan wani ba. Ita wannan tana zaune a nutse, kawai sai waƙar ta juya ta koma na gode da kika zo daga nesa, ki yafe mini da na riga ki, ina nan lafiya ba na jin zafi, ki kula da jikinki, ki yi hattara da faɗuwa in sanyi ya shigo. Kusan kalmomin da ta faɗa wa matar da ke gabanmu ke nan, da wadda ke gaban waccan. Ban ji wani abu da sai mamacin ne zai iya saninsa ba, kuma ban ga dalilin canza abin da na yi imani da shi ba.

Sai Okasan ta katse ta. Ta buɗe ƙullin da ta riƙe tun daga Hirosaki, wanda ta hana ni ɗauka, ta fito da safar ulu ruwan toka ta ajiye a kan tabarma. Ta ce, Baba, ga shi na kawo, na makara. Daga nan ta fashe. Kukan da ba ta yi a asibiti ba, ba ta yi gaban tire ba, ba ta yi ranar 49 ba, shi ta yi a gaban baƙi wajen talatin, kuma babu wanda ya kalle ta, kowa ya sunkuyar da kai. Matar ta bar ta ta yi mai isarta, tana ta murza carbi, sannan ta rera waƙar sallama. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba. Okasan ta biya, na kama ta ta miƙe.

Muka gangara bakin tafkin, inda farin yashi yake, wanda suke kira gaɓar aljanna. Akwai mutum-mutumin Jizo da aka kafa don waɗanda igiyar ruwan 11 ga Maris 2011 ta tafi da su. Wani dattijo na tsaye yana ƙwala kiran sunan mace zuwa tsallaken ruwa, ya yi shiru kamar mai jiran amsa, ya sake kira. Ta ajiye safar a kan wani tarin duwatsu ta danne da dutse ɗaya. Ni kuma na koma gefe na yi wa mahaifina addu'a.

A motar komawa Mutsu ta ɓare dunƙulen shinkafa ta ba ni rabi. Na kasa haƙuri na ce, Okasan, kin yarda shi ne ya yi magana? Ta taune abin da ke bakinta tukuna. Ta ce shekara hamsin da uku suna tare bai taɓa ce mata na gode ba, in kuwa shi ne, to mutuwa ta koya masa ladabi. Ta yi dariya har tana tari. Can da muka fara gangarowa cikin daji sai ta dafa mini hannu ta ce kash, ta manta ba ta tambaye shi inda ya ajiye makullin rumbun tuffa ba.